Garin da Yake Cika Ya Watse: Tarihin Zamanmu a Cape Coast da Elmina

  

Kwamitin biki ya nemi kowane reshe ya rubuto tarihin garinsa. Mu a reshen Cape Coast da Elmina mun yi murna da wannan, domin akwai maganar da ta daɗe tana cin mu a rai. Yawancin 'yan uwa da ke kawo mana ziyara a Disamba suke zuwa, ko ƙarshen Yuli. Sai su tarar da manyan motocin baƙi a jere, otal-otal sun cika, baƙo daga Amurka yana zaro dala ya sayi takalmin fata ko tayi bai yi ba. Su koma gida suna cewa 'yan bakin teku sun haye. Da wuya ka ga wanda ya zo mana a watan Yuni, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, mutum ya buɗe shago tun safe har la'asar bai ga ko mai tambayar farashi ba. Garin nan haka yake tun kafin a haifi kakanninmu: ya cika da baƙi, ya watse, ya sake cika da wasu baƙin daban. 'Yan yawon buɗe ido su ne na baya-bayan nan kawai.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, garuruwa biyu ne da ke kallon juna a gaɓar teku, tsakaninsu bai wuce kilomita 13 ba, kuma daga Akra tafiyar wajen kilomita 145 ce ta yamma. Masu garin Fantawa ne, suna kiran Cape Coast Oguaa, Elmina kuma Edina. Kowane gari yana da babban farin gidan nan na Turawa mai ganuwa da igwa, wanda kowa ke kira kasul. Na Elmina Turawan Fotugal suka gina a 1482, Turawan Holan suka ƙwace a 1637, suka miƙa wa Ingila a 1872. Na Cape Coast kuwa mutanen Siwidin suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka karɓe a 1664. Zinariya ce ta fara kawo su, daga baya cinikin bayi ya rinjaya, har Ingila ta haramta shi a 1807. Duk wannan babu Bahaushe a cikin lissafin masu shago a bakin teku. Kasuwarmu a lokacin tana can Gwanja, a Salaga, inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa, fatu da tufafi, su ɗora goro su juya. Sarkin Tonawa a Kumasi bai yarda fatake su wuce kudu ba. Wanda ya mallaki dajin goro shi ya mallaki ƙofa, kuma ya rufe ta.

Abin da matasanmu da yawa ba su sani ba shi ne, farkon masu jin Hausa da suka zauna a garuruwan nan da yawa ba da kaya a ka suka zo ba, da bindiga a kafaɗa suka zo. Tun tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi sojoji wajen dubu uku daga Elmina zuwa tsibirin Java. Da yawansu 'yan arewa ne da aka sayo a Kumasi, aka ce an 'yanta su, sa'an nan aka riƙa cire kuɗin fansarsu daga albashi. Waɗanda suka dawo da rai sun zauna a wani tudu na Elmina da har yau ake kiran sa da sunan Java. Masu sayar da atamfa a cikinmu sun sha jin cewa su ne suka fara shigo da irin zanen nan, ko da yake masana suna jayayya a kai.

Sa'an nan sai sojojin Ingila. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya haɗa ƙaramar runduna a Ikko daga Hausawa, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Da Ingila ta karɓi Elmina a 1872 sai aka ɗebo wasu daga cikinsu aka kawo nan. Suna nan a watan Yuni na 1873 lokacin da Ingilishi suka yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa suka ƙone shi, kuma da su aka tafi yaƙin da ya kai ga ƙona Kumasi a 1874. A 1879 aka kafa wa ƙasar nan rundunarta, Hausa ta zama harshen bariki. Soja kuwa ba ya zama shi kaɗai. Yana buƙatar mahauci, da wanzami, da malamin da zai rubuta masa laya, da mai koko da ƙosai, daga baya kuma mata da 'ya'ya. Wanda ya gama aiki ya karɓi ɗan abin sallama, sau da yawa ba shi da gidan da zai koma, sai ya kafa rumfa. Ta haka zango ya samu gindin zama a Cape Coast, a wajen Kotokuraba, inda babbar kasuwa da babban masallaci suke a yau. Sunan a bakin Fantawa yana nufin ƙauyen ƙaguwa, shi ya sa ma ƙaguwa ce tambarin garin.

Yaƙin 1874 ɗin nan shi ya canja wa fatake alƙibla. Da Kumasi ta faɗi, mutanen Gwanja suka yi tawaye, Tonawa suka daina kai goro Salaga. Kasuwa ta watsu zuwa Kintamfo, Atebubu da Kete-Karachi, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Amma ƙofar kudu ta buɗe. Fatake suka gane cewa goron da ake watanni ana jan sa da jakuna ta Borgu, ana biyan fito a kowane gari, ana iya sauko da shi bakin teku a sa a jirgin ruwan Turawa ya isa Ikko cikin 'yan kwanaki bai bushe ba. Cape Coast tana bakin tsohuwar hanyar Kumasi, saboda haka ta samu rabonta. Da jirgin ƙasa ya isa Kano daga Ikko a 1911, sai hanyar teku ta kashe ta ayari gaba ɗaya. Alhassan Ɗantata kansa da wannan cinikin goro ta teku ya fara ƙarfi kafin ya shiga gyaɗa.

A lura da yadda zaman yake a wancan lokaci, domin ya yi kama da na yau ƙwarai. Garin ba shi da tashar da jirgi zai iya jingina. Jirgi yana tsayawa can nesa, matuƙan Fantawa su ɗauki kaya a manyan kwalekwale su keta taguwar ruwa su kai masa. Ranar da jirgi ya zo gari ya cika: 'yan dako, dillalai, masu abinci, masu masauki. Jirgi ya ɗaga, gari ya yi tsit har na gaba. Mai gida a zango, wanda ke sauke fatake ya ajiye musu huhun goro ya nemo musu mai saye ya karɓi la'ada, shi ma da kaka yake ci. Dattawanmu suna cewa mai gidan kirki ana gane shi ne ta yadda yake ciyar da yaransa a watannin da babu baƙo ko ɗaya.

Daga nan garin ya shiga rasa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwata suka kai Akra. A 1903 jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Sekondi, ya bar Cape Coast a gefe, a 1923 kuma aka haɗa Kumasi da Akra. A 1928 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi, inda jirgi ke jingina kai tsaye. Bayan an buɗe ta Tema a 1962, aikin kwalekwale da manyan jirage ya ƙare a nan. Manyan 'yan kasuwa, namu da na Fantawa, suka bi layin dogo. Shi ya sa zangon Kumasi, Sekondi da Akra suka girma suka bar namu ƙarami. Abin da ya rage wa Cape Coast shi ne makarantu, irin su Mfantsipim da aka kafa a 1876 da Adisadel a 1910, sai jami'a a 1962. Su ma ɗalibai baƙi ne masu lokaci: a buɗe makaranta mai shayi da mai tsire su farfaɗo, a yi hutu su koma zaman jira.

Ba za mu wuce 1969 ba tare da tsayawa ba, tunda ƙungiya irin tamu saboda irin wannan rana ake kafa ta. A ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. A zango akwai mutanen da kakanninsu suka zo tun zamanin bariki, ba su taɓa ganin Kano ko Dosso ba, amma ba su da takarda ko ɗaya da za ta nuna haka. An sayar da gidaje da kayan shago a wulaƙance, wasu an bar wa maƙwabta amana. Akwai Fantawan da suka riƙe amanar nan shekara da shekaru suka mayar, akwai kuma waɗanda ba su mayar ba. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan kora, duk da an riga an kafa ECOWAS a 1975 an kuma sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga a 1979. Har yau idan ka ga tsoho a zangonmu yana ajiye kowane rasiti da kowace tsohuwar takardar haraji a cikin leda a ƙarƙashin katifa, kada ka yi masa dariya.

Yawon buɗe ido sabon abu ne idan aka gwada da wannan duka. Hukumar UNESCO ta sa kasul-kasul ɗin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, amma shekarun da suka biyo baya na juyin mulki ne da fari da yunwar 1983, ba wanda yake zuwa kallon komai. Sai a farkon shekarun 1990 aka gyara gine-ginen da taimakon kuɗin waje. A 1992 aka fara bikin PANAFEST, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. A 1995 aka buɗe gadojin igiya guda bakwai a saman itatuwan dajin Kakum, wajen kilomita 30 arewa da gari. A 1998 Gana ta fara bikin ranar 'yanta bayi a farkon Agusta, aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne a Assin Manso. Ranar 11 ga Yuli 2009 Obama ya zo da iyalinsa ya shiga kasul na Cape Coast, duniya ta gani a talabijin. Daga nan abin ya zama sana'a sosai.

Mutanenmu ba su yi sanya ba. Wanda ya san hanyar Bolgatanga ya kawo kwanduna da batakari, na Tamale ya kawo man kaɗe, na Kano ya kawo jakunkuna da takalman fata, Buzaye suka sauko da sarƙoƙin azurfa na Agadas da takubba. Masu tsire suka samu bakin teku da daddare, masu canji suka samu dala da yuro. Kusan duk abin da baƙo yake ɗauka ya tafi da shi yana cewa tsarabar Afirka, in ka cire zanen kente da sassaƙen katako, daga arewa ya fito, ta hannun wani ɗan ƙungiyar nan ko ɗan uwansa.

Akwai wani abu da ba mu cika faɗa a fili ba, amma tunda tarihi aka ce a rubuta, ba za mu tsallake shi ba. Baƙin da suka fi kashe kuɗi a wajenmu baƙaƙen fata ne na Amurka da tsibiran Karibiyan, kuma ba shaƙatawa ce ta kawo su ba. Suna shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare kakanninsu, su tsaya a ƙaramar ƙofar nan da ke fita teku, su fito idanu jajur. Shagon farko da za su gani bayan sun fito yana iya zama namu. To mu a ina muke cikin wannan labari? A ɓangarori biyu muke. Rafin da ke Assin Manso, inda aka ce nan bayi ke wankan ƙarshe kafin a kai su teku, sunansa Donko Nsuo, kuma donko a bakin Tonawa shi ne ɗan arewa da aka saya. Tonawa suna karɓar harajin mutane daga Dagomba da Gwanja, wasu daga cikinsu nan aka kawo su. Hausawa da kansu an loda su a jirage ta Ikko da Wida zuwa Barazil, har suka shirya bore a Bahiya a 1807. Amma kuma ayarin da ke zuwa Salaga ba kanwa da fatu kaɗai yake kawowa ba, yana kawo bayi a musanya da goro, kuma waɗanda mayaƙan Babatu suka kama a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 a kasuwannin da kakanninmu ke ciniki aka sayar da su. Shawarar da dattawan reshe ke ba yaran shago ita ce: wanda ya fito daga kasul a bar shi ya huce, kada a ja masa riga, kada a bi shi da kiran "ɗan uwa, ɗan uwa" don a sayar masa da abin wuya. In ya tambayi daga ina kake, ka faɗa masa gaskiya. Mun ga waɗanda suka zauna a benci awa guda suna tambayar Salaga, daga baya suka nemi a haɗa su da motar Tamale.

Yanzu ga lissafin da 'yan uwa na Disamba ba sa gani. Shekararmu tana da kaka biyu. Ta farko daga Talatar farko ta Yuli, ranar bikin Bakatue a Elmina, ta bi ta hutun Turawa da bukukuwan ƙarshen Yuli da farkon Agusta, ta ƙare da Fetu Afahye a Asabar ta farko ta Satumba. Ta biyu daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. In ka haɗa su ba su kai wata huɗu ba. Akwai ɗan motsi wajen 6 ga Maris da Ista, amma yawanci 'yan makaranta ne, waɗanda kuɗinsu bai wuce na ruwan leda da biskit ba. Ko a cikin kakar ma, mafi yawan baƙi a Akra suke kwana. Mota ta ɗauko su da asuba, su hau gadar Kakum, su shiga kasul, su ci abinci a inda kamfanin yawon ya riga ya shirya, kafin magariba sun kama hanya. Minti ashirin da mai rakiya ya ba su a bakin shaguna shi ne rabonmu, kuma mai rakiyar yana jiran nasa a ciki.

Sauran wata takwas kuwa haya ba ta hutu. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma kusa da kasul farashin Disamba ake yanka wa Yuni. Iskar teku ita ma tana da nata haraji. Jakar fata da ta shekara a Kano ba abin da ya same ta, a nan mako uku na damina ya isa ta yi fumfuna. Azurfa tana baƙi, zik da ƙarfen bel suna tsatsa, kwando yana laushi yana wari. Wanda ya saro kaya da yawa a Janairu yana murna, zuwa Yuli rabinsu sai an karya farashi. Ga shi kuma babbar Sallah a 2023, 2024 da 2025 duk a watan Yuni ta faɗo, daidai lokacin da aljihu ya fi bushewa, ga rago, ga ɗinkin yara.

Wannan fa a shekara mai lafiya ke nan. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini, Laberiya da Saliyo. Ba a samu ko mutum ɗaya da ita a Gana ba, amma ga mai sayen tikiti a Amurka Afirka ta Yamma duk gari ɗaya ce, baƙi suka ɗauke ƙafa. Gwamnati ta ayyana 2019 a matsayin Shekarar Dawowa, cika shekara 400 da kai bayin farko ƙasar da ta zama Amurka, ta kuma ce baƙi fiye da miliyan ɗaya sun shigo ƙasar. Disambar shekarar ba mu taɓa ganin irinta ba. Mutane suka ci bashi suka faɗaɗa shago, suka biya haya ta shekara biyu, suka aika a ɗinko musu kaya daga Bolga da Kano. Wata uku bayan haka, a Maris 2020, aka rufe iyakoki saboda korona. Filin jirgin sama ya buɗe a Satumba, amma iyakokin ƙasa, waɗanda su ne namu, sai a ƙarshen Maris 2022. Kafin mu miƙe sidi ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022. Duk mai saro kaya da sefa ya sayar da sidi ya san ma'anar wannan, tunda sefa a ɗaure take da yuro. A Yuli 2023 kuma aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, gadar Gaya da Malanbil ta tsaya, kayan Agadas suka koma zagaye ta hanyar da ba kowa ke da zuciyar bi ba.

Littafin reshe yana hannunmu, kuma ba sai mun ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka rufe shago a waɗannan shekaru suka koma Kumasi ko gida, kusan dukansu masu ƙafa ɗaya ne, wato kayan baƙi kaɗai. Waɗanda suka tsaya kuwa suna da hannu a wani abu da mutanen gari ke ci kullum: albasar Galmi, wake, dabbobi, goro, ko kifi.

Kifin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ainihin abin da ke riƙe da Elmina, ba kasul ba. Duk wanda ya tsaya a kan gadar tafkin Benya da safe zai ga ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci suna shigowa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan teku yana sanyi, ƙananan kifin nan da Fantawa ke kira eban suna tasowa. Matan Fantawa su saya a bakin ruwa, su yi banda a manyan murhuna, a shirya a kwanduna. Daga nan aikin namu ne da na matanmu: Kumasi, Techiman, Tamale, Bolga, har a ƙetara Faga. Motar da ta sauke albasa ba ta komawa wayam. Banda ba ta jiran jirgin sama daga Amurka, kuma miyar Tamale ba ta san korona ba. Amma ita ma wannan ƙafa tana ciwo. Kifi ya ragu sosai, masunta suna ɗora laifin a kan manyan jiragen da ke share teku da cinikin da ake kira saiko, inda ake sauke daskararren kifi daga jirgi zuwa kwalekwale a tsakiyar ruwa. Gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda a 2019, daga 2021 kuma aka riƙa yin haka a Yuli shekaru a jere, ban da ranar Talata da dama tun fil azal ba a fita su. Ranar da masunci bai fita ba, mai shayin bakin ruwa da mai gwanjo da mai cajin waya duk sun sani.

Mun kawo wannan dogon bayani ne saboda maganar da za ta zo gaban babban taro bayan biki, wato tsarin biyan bashin asusun ƙungiya. Tsarin da ake bi yanzu, a biya daidai wa daida kowane wata, an yi shi ne da tunanin Kumasi da Akra, inda kasuwa ke ci kullum. Ɗan reshenmu da ya karɓi bashi a Nuwamba yana iya biyan rabinsa a Janairu bai ji komai ba, amma kason Mayu da Yuni yana sa shi ya sayar da kaya a ƙasa da kuɗin saro, ko ya shiga jerin masu taurin bashi alhali ba halinsa ba ne. Abin da muke roƙo shi ne a bar rassan da ke cin kasuwa da kaka su biya da kaka: kaso mai nauyi a Janairu da Satumba, mai sauƙi a tsakani, jimilla ba ta canja ba. Mun ji 'yan uwa na Wida da Grand-Bassam suna da irin wannan kuka, kuma muna fata za su yi magana da bakinsu.

A namu ɓangaren, reshe ya amince ba zai sa hannu a takardar bashin duk wanda zai zuba kuɗin gaba ɗaya a kayan baƙi ba, sai ya nuna wata sana'a ta biyu ko ya haɗa gwiwa da mai ita. Wasu matasanmu ba su ji daɗin wannan ba, sun ce Disamba yanzu tana ƙara girma kowace shekara, kuma ba ƙarya suka yi ba. Za su kawo hujjarsu a taron, mu ma za mu zo da littafi. Haka nan muna neman rassan Bolga da Kano su taimaka a yi magana da masu saƙa da dukawa a riƙa turo mana kaya kashi biyu, farkon Yuli da farkon Disamba, maimakon lodi ɗaya da zai kwana a damina. Duk wanda yake so ya ga abin da idonsa kafin ya kaɗa ƙuri'a, masauki yana nan a Kotokuraba, sai dai muna roƙon ya zo a watan Yuni, ya kuma riƙo lema.

 Daga ofishin magatakarda, reshen Cape Coast da Elmina.